Waya Mai Jan Zare

Abubuwa da yawa sun faru da ni a shekarun da na yi ina sana'ar cajin waya a Gwarzo. Yawancinsu sun bi ruwa, ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in gano. Amma akwai wata rana guda da na tabbata ko tsufa ya cinye mini tunani, ita ce za ta rage ban manta ba. Ba zan kama sunan kowa ba, ƙauyen ma ba zan faɗa ba. Ya isa in ce yana tsakanin Gwarzo da Kabo, can ciki inda mota ba ta shiga da damina.

Lokacin ban daɗe da gama makaranta ba. Na yi yawon neman aiki har takalmina ya siɗe, gwamnati kuwa kullum zancenta ɗaya, a tsuke bakin aljihu. An ƙaddamar da shari'a shekarun baya kaɗan, gari ya ɗauki wata irin nutsuwa, ya kuma ɗauki wani irin sa ido, kowa yana duban take-taken kowa. Ana cikin haka sabis ya iso mana, waya ta fara shiga hannun talaka. Wutar lantarki kuwa ko a cikin gari sai ta ga dama take zuwa, ƙauyuka ko turaku ba a kafa musu ba. Sai na sayar da ragunan da mahaifiyata ta kiwata mini, na sayi ƙaramin janareto, kafinta ya buga mini allon katako na jera soket a jiki, na kafa rumfa a bakin kasuwa kusa da 'yan hatsi.

Tsarina mai sauƙi ne. In ka kawo waya sai in manna mata salatif in rubuta lamba, in ba ka ɗan kwali mai irin wannan lambar. Dokata kuma guda ɗaya ce: hannun da ya kawo shi ne zai karɓa. Ba don wani zurfin tunani na kafa dokar ba, tsoron ɓarayi ne kawai, don na ga yadda aka yi wa wani mai caji wanka da wayoyi har ya bar gari. Ban san wata rana dokar nan za ta tsaya tsakanin wata baiwar Allah da mutuwar aurenta ba.

A zamanin an fara samun masu turi, waɗanda suke da kwamfuta suna zuba wa mutane waƙa da fim da wa'azi a waya. Akwai na kirki a cikinsu, amma akwai waɗanda kafin su tura maka komai sai sun kwashe abin da ke cikin wayarka. Hoton da mata suka ɗauka a tsakar gida ranar kamu, ba mayafi ba komai tunda su ya su ne, sai ka gan shi a wayar ɗan acaba yana nuna wa abokansa a majalisa. Labari ya kai ƙauyuka, mata suka tsorata. Sai suka ɓullo da dabara: kafin a kai waya caji, mace ta cire layinta ta ƙulle a bakin zani. A ganinsu duk wani sirri a cikin layin yake zaune, wayar kuwa kwanko ce kawai. Ni na san ba haka ba ne, amma ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin da ya shafe ni ba.

Wayoyin matan wancan ƙauye wata tsohuwa ce take kawo mini su ranar kasuwa. Asalin gidansu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, Fulatanci ya ɓace musu, sana'ar nono ce kaɗai ta rage. Kowa Inna mai nono yake ce mata. Takan zuba wayoyin a 'yar ƙaramar ƙwarya ta rufe da faifai, ta ɗora a kan ƙwaryar nononta. Ba ta san lamba ba, kuma ba ta bukata, domin kowace waya da alamarta: wannan an ɗiga mata jan farce, waccan an naɗe ta da ƙyalle, wata kuma an ɗaura mata jan zare. Tana isowa za ta ce, "Ina mijin nawa, malalaci, wanda inji yake yi wa aiki?" Ni kuma in ce, "Amarya, yau ma ruwa kika sayar wa mutane ko da ɗan nono a ciki?" Ta zage ni, ta aje wayoyi, ta wuce rumfar masu fura.

Ranar da abin ya faru bazara ce, zafi kamar ana gasa mutum, kasuwa ta cika ta batse. Inna ba ta daɗe da wucewa ba sai ga wani Alhaji, babban dillalin hatsi, mutumin ƙauyensu ne, kuma abokin mahaifina tun suna samari. Na miƙe na ba shi benci. Muka gaisa, ya tambayi Malam mahaifina da jiki, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi kasuwa, ya koma ya sake tambayar Malam. Tun daga tsawon gaisuwar na san da magana a bakinsa, don Alhaji ba ya ɓata lokacinsa a kan irina ranar kasuwa.

Can ya matso ya rage murya. "Ɗana, a cikin wayoyin da tsohuwar nan ta kawo akwai wata mai jan zare. Ɗauko mini ita."

Na ce, "Lafiya dai, Alhaji?"

"Ta matar ƙanina ce. Shi yana kudu ci-rani, ni ya bar wa amanar gida. Shekara da shekaru yarinyar nan ko ɓari ba ta taɓa yi ba, mun yi haƙuri, tsohuwarmu ta yi haƙuri. To yanzu ta tsiro da wani sabon hali. Waya na ƙara sai ta zaga bayan rumbu tana magana ƙasa-ƙasa, ta dawo ido jajir. Saƙo na shigowa sai ta juya wa mutane baya."

Na ce ai wataƙila mijinta ne. Ya girgiza kai, ya ce ya bugi cikin ƙanin nasa, ya ce masa shi daga Juma'a sai Juma'a yake kiran gida.

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce me ya hana shi karɓar wayar a gida. Abin da ya hana shi kunya ce. Wan miji kamar suruki yake. Ba ya shiga ɗakin matar ƙaninsa, ba ya haɗa ido da ita, ko ruwa ta kawo masa daga nesa za ta durƙusa ta aje. Ina zai iya buɗe baki ya ce mata miƙo wayarki? Ita kuma dare da rana wayar tana ɗaure a ƙugunta. Ranar caji ce kaɗai take rabuwa da jikinta, shi ya sa ya biyo sawun Inna har rumfata.

Ya zaro layinsa daga tasa wayar ya nuna mini a tafin hannu. "Ta cire layi, tana ganin ta yi wayo. An gaya mini in aka sa wani layin, duk saƙon da ke ciki zai fito. Sa mini, ka karanta mini. In na samu abin da nake zargi, kafin ƙanina ya dawo ta koma gidan ubanta, shi kuma ya zo ya tarar da hujja."

Wanda ya gaya masa bai yi ƙarya ba. Na dubi allo. Ga ta can a jerin ƙasa, 'yar ƙaramar waya mai tocila, madannanta sun koɗe, jan zaren ya yi baƙi-baƙi da gumi. Ban san matar ba, ban san abin da ke cikin wayar ba, kuma ba zan ce a lokacin na yi imani ba ta da laifi ba. Abin da na sani kawai shi ne ta aiko da abinta tana ganin ta kulle ƙofa, alhali ƙofar a buɗe take, kuma ni ne a tsaye a bakinta.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ba kai ka kawo ba."

Ya yi dariya, yana zaton wasa nake. Ya tuna mini cewa shi da mahaifina a akushi ɗaya suka ci tuwo, ya ce ranar sunana shi ya riƙe ƙafar rago. Na ce duk na sani, amma ba shi ya kawo ba. Nan fa fuskarsa ta sauya, ya miƙe tsaye, murya ta tashi har 'yan hatsi suka bar awo suka fara matsowa.

"Zamanin shari'a muke, kai kuma ka buɗe rumfa kana rufa wa ɓarna asiri." Ya juya ya dubi jama'a, sannan ya dawo da idonsa kaina. "Ko dai lambarka ce a ciki, shi ya sa jikinka yake rawa?"

Ni mutum ne mai saurin hawa, duk wanda ya san ni ya san haka, har yau ban gama warkewa ba. Da sa'ana ne ya faɗi wannan magana, da sai dai a raba mu. Na taka na zare wayar daga caji, na jefa ta a aljihun gaba na dafe da hannu. Na ce, "Wallahi Alhaji, ko a hanya na gamu da matar nan ban san ta ba. Amma yau ko rumfar nan za a rushe, ko janareton nan za a ƙona, ba mai taɓa wayar nan sai wadda ta kawo ta. Shari'ar da ka ambata ita ce ta hana bin diddigin sirrin mutane. Cewa ta yi mai zargi ya kawo shaidu, ba ta ce ya zo wurin mai caji ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ce yaron nan ba shi da kunya. Ban taɓa ɗaga wa sa'an mahaifina murya ba sai ran nan.

Hayaniya ta kai kunnen sarkin kasuwa, dattijo mai son a zauna lafiya ko ta halin ƙaƙa. Ya zo ya saurari kowa, sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayar ya riƙe har a sasanta. Wannan ya fi na Alhaji wuya, domin umarni ne daga mai wuri, rumfar tawa ma shi ya yanka mini. Amma na san inuwa ɗaya suke zama da Alhaji, kuma na san abin da sasantawar za ta haifar kafin la'asar. Sai na durƙusa har ƙasa na ce, "Ranka ya daɗe, taka wayar ma tana nan a allo, ga ta can a sama. In babban ɗanka ya zo anjima ya ce in ba shi ya duba wa kake kira, in ba shi?"

Dattijon ya dubi allon, ya dubi wayarsa, ya shafa gemu. Ya dai janye hannunsa ya ce a kira tsohuwar da ta kawo.

Ba a ma kai ga aikawa ba sai ga Inna tana ratsa mutane, ƙwarya a ka, don labari ya riga ya same ta. Ta miƙo mini kwalayenta, na haɗa mata wayoyinta duka, na ciro mai jan zaren daga aljihu na sa a hannunta. Ta zuba su a ƙwarya ta rufe da faifai ba gaggawa. Sannan ta juya wurin Alhaji.

"Alhaji, na san ka tun kana yawo ba wando, don haka ka bar ni in faɗa. Kunyar da ta hana ka shiga ɗakin yarinyar nan, ita ya kamata ta hana ka shiga wayarta. Me ya raba su?"

Alhaji ya kaɗe babbar rigarsa ya tafi. Da mutane suka watse na ja Inna gefe na ce ta gaya wa mai wayar, ta kuma gaya wa sauran matan, cire layi ba ya ɓoye komai. Saƙo a jikin waya yake kwana. Wadda take da abin da ba ta so a gani ta goge shi, kuma daga yau su bar wayoyinsu a gida, su ɓalle baya su aiko da batir kawai. Ta dube ni ta ce, "Ashe dai mijin nawa ba malalaci ba ne duka."

Abin bai wuce haka nan ba. Kafin in isa gida magana ta riga ni. Mahaifina ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce in je in ba abokinsa haƙuri. Na je har rumfarsa na durƙusa, na ce ya yafe mini ɗaga murya. Ya ce, "Wayar fa?" Na ce wannan kam ko yau aka sake haka zan yi. Ya ce in tashi in ba shi wuri. 'Yan hatsi suka kwashe cajinsu suka koma wani wurin. Maganar da ya jefa mini a gaban jama'a kuma ta yi ƙafa, har gidan yarinyar da nake nema ta shiga, sai da na yi ta rantse-rantse kafin a bar ni in ci gaba da zuwa zance. Raina ya ɓaci ƙwarai a watannin nan, akwai ranakun da na zauna ina kallon allo rabi ba kowa, ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Na shiga Kano na sayo irin cajar nan mai 'yan haƙora biyu da ake maƙala wa batir shi kaɗai. Ƙwaryar Inna ta koma cike da batura, kowanne da ɗigon jan farcensa ko zarensa. A hankali mata suka gaya wa mata. Daga Kara, daga Lakwaya, daga Mainika, sai ga batura suna zuwa a ƙullin leda da bakin mayafi, ana cewa a kai wa mai cajin nan da ya hana Alhaji waya. Da wannan sunan aka san ni shekaru, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

Da ruwa ya sauka 'yan ci-rani suka dawo gida shuka. Wata ranar kasuwa wani mutum siriri mai sanyin murya ya tsaya a rumfata da kwano cike da ƙwan zabi. Ya jira har na sallami kowa, sannan ya ce in zo bayan rumfa. Ya ce shi ne mijin mai jan zare. Na gyara tsayuwa, don ban san da wadda ya zo ba.

Ya dubi ƙasa ya ce, "Malam, rashin haihuwar nan daga gare ni ne. Likita ne ya gaya mini a can kudu, ya ɗora ni a kan magani. Na sayi wani layi daban don kada kowa ya sani. Ɗaki ɗaya muke kwana da 'yan garinmu, ba kullum nake samun sararin magana ba, sai in rubuta mata. Duk abin da likita ya ce, duk abin da nake ji a raina, yana cikin wayar nan. Da Yaya ya karanta, wallahi da ban sake taka garinmu ba."

Na ce to me ya hana ta faɗa musu cewa shi ne, ai da an huta. Ya ce ta san in ta ce shi ne, za a ce ta nuna, in ta nuna kuma asirinsa ya tonu. Shekarun nan duk ita ake yi wa gori a gidan, ita ake kai wa jiƙe-jiƙe tana sha, ba ta taɓa buɗe baki ba. Da zargi ya zo ma sai ta zaɓi a kira ta da abin da ba ita ba, da dai a nuna mijinta da baki. Yana faɗa hawaye yana bin fuskarsa, ni ma na kasa haɗa ido da shi. Ya ce ta ce a gaya mini ba ta da abin ba ni sai addu'a.

Ranar na koma gida da kwanon ƙwai, ina jin kaina kamar wanda aka naɗa wa rawani. Na so ƙwarai in gaya wa mahaifina, ko don ya san ɗansa bai yi rashin kunya a banza ba, amma na haɗiye. Ya rasu bai sani ba. Alhaji ma ya rasu bai sani ba, har ƙarshen rayuwarsa in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa. Bayan wasu shekaru Allah ya ba mutanen nan 'ya mace, Inna ta kawo mini goron suna a cikin ƙwaryar batura. Ita matar har yau ban taɓa ganin fuskarta ba. Da na yi niyyar rubuta wannan sai da na je na nemi izinin mijin, yanzu gemunsa ya yi fari. Ya ce, "Rubuta, wataƙila wani ya amfana. Suna dai ka bari."

Yau wayoyi sun girma, abin da ke cikinsu ya ninka na da. Hotunan iyali, maganar asibiti, hirar miji da mata, duk suna ciki, kuma ina ganin mutane suna miƙa su ga mai gyara har da lambar buɗewa, su tafi sallah su dawo. Wasu kuma suna ɗaukar wayar matansu ko ta 'yan'uwansu suna bincike, suna kiran abin kula. In na ga haka sai in tuna 'yar wayar nan mai jan zare da yadda ta yi ɗumi a aljihuna.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba sai ka san abin da ke cikin amana za ka tsare ta ba. Da na ce bari in leƙa tukuna in ga ko matar ta cancanci in kare ta, da na riga na ci amanar kafin Alhaji ya ci. Na yi sana'o'i bayan wannan, na gina gida, na aurar da 'ya'ya, amma in aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata, wayar nan ce da na riƙe a aljihu ban kunna ba.